Me Ya Sa Ruwan Randa Yake Da Sanyi?

Jikata ce ta tsare ni da wannan tambaya, moɗa a hannunta. Na ce ta shafa jikin randar.

"Kaka, gumi take yi!"

To, sirrin ke nan. Yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin, kamar yadda zufa ke sanyaya jikinmu. Shi ya sa da damina, iska a jiƙe, sanyin yakan ragu. Bokitin roba kuwa, bawan Allah, ba ya gumi.

Da wannan dabara Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya. Ya ci kyautar Rolex a 2000.