Ƙafafun da Suka Yi Baka

Da hantsi, idan manya sun tafi gona, yara ne ke mallakar tsakar gida. A wasu ƙauyukan Kajuru da Chikun, cikin masu guje-gujen akan ga wani ya rakuɓe a gindin rumbu yana kallo. Ƙafafunsa sun yi baka, ko kuma gwiwoyin sun haɗe ya zama gwame. Wuyan hannunsa ya yi kauri, haƙarƙarinsa da ƙulle-ƙulle kamar ƙwayoyin carbi. Wasu dangi su ce iska ce, wasu su ce a kai shi wurin mai ɗori, alhali babu karaya. Ƙashin ne ya yi laushi, ya kasa ɗaukar nauyin jiki.

A Turai, rashin hasken rana ne ya saba jawo wannan ciwo. To a nan, ina aka rasa rana? A 1999, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa yara 123 masu wannan ciwo: waɗanda aka ba sinadarin kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai (wanda jiki ke samarwa da hasken rana) samun sauƙi. Ashe a tukunya matsalar take. Tuwon masara safe da dare, ga nono sai jefi-jefi, ita masarar kuma tana ɗauke da wani sinadari mai hana hanji tsotse ɗan kalsiyam ɗin da ya samu. Abin takaici, yaro kan kwanta da ƙoshi amma ƙashinsa na cikin yunwa.

Gidauniyar Hope for the Village Child, wadda Sista Rita Schwarzenberger ta daɗe tana jagoranta a Kaduna, ta shafe shekaru tana kai wa irin waɗannan yara kalsiyam. Da wannan magani, ƙaramin yaro ƙafarsa kan miƙe a hankali.

Amma ba kowace ƙafa mai baka ce ke jin wannan magani ba. Akwai cutar Blount, wadda ba ta cika yawa ba, inda saman ƙashin ƙwauri ke girma a karkace. Hoton ƙashi da gwajin jini ne ke bambance su. Idan lanƙwasar ta tsananta, sai likita ya yanke ƙashin ya daidaita shi ya ɗaure. Iyali daga Kafanchan kan nufi Jos, ko su yi doguwar tafiya zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano, bayan an sayar da buhunan citta an haɗa kuɗin mota.