Makomar Sana'ar Gine-gine a Kano: Misali Daga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Kafin a ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ƙauyuka ne da gonaki a bayan ganuwa. Kuɗin man fetur da suka kwararo tun daga 1973 su ne suka mayar da gonakin nan filayen gini, har aka kafa gidajen Kundila. A nan birkila da kafinta da mai buga bulo suka sami abin yi.

To, amma wannan sana'a rataye take a kan abu biyu, wato fili da siminti. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, shi kuwa siminti tashi yake yi duk lokacin da naira ta faɗi. Faɗuwarta a 1986 ta bar gidaje da yawa ba rufi, haka kuma aka sake gani bayan janye tallafin mai a 2023.

Bukatar muhalli dai ba ta raguwa, domin jama'a ƙaruwa suke yi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne rance mai dogon wa'adi ga ƙaramin ma'aikaci. Muddin babu shi, magini zai zauna da cebur a hannu, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.