Ɗan Haya da Abokin Gado: Nvidia da AMD a Gidan Intel

Idan mai gyara ya kwance murfin tsohuwar kwamfutar tebur, ya hure ƙurar da ta toshe fanka, abu uku ne ke fara ɗaukar ido. Ga furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar. Ga katin hotuna a tsaye cikin raminsa. Sai kuma wasu ƙwayoyi biyu manne a jikin madabod, waɗanda ake kira cifset, masu kai saƙo tsakanin furosesa da sauran kaya. Kowanne yana iya fitowa daga kamfani daban, amma ba mai shiga gonar Intel sai da takardar izini. AMD da Nvidia duk sun riƙe irin wannan takarda, duk sun yi shari'a da Intel a kanta, duk kuma sun tashi da sama da dala biliyan ɗaya. Daga nan hanyarsu ta rabu.

Takardar AMD ba don Allah aka ba ta ba. Lokacin da IBM ta fitar da kwamfutarta a 1981 da furosesar Intel, ta ƙi yarda ta dogara da masana'anta ɗaya, don haka a 1982 Intel ta ƙulla yarjejeniya da AMD ta riƙa ƙera irin kayanta, wato tsarin x86. Da kasuwa ta buɗe, sai Intel ta yi nadama, ta hana AMD zanen furosesar 386. Aka shiga shari'a tun 1987, ba a sasanta ba sai 1995. Takardar Nvidia kuwa ta zo ne cikin ruwan sanyi a 2004: Intel ta ba ta izinin ƙera cifset ɗinta mai suna nForce don furosesoshin Intel, ita kuma ta samu damar amfani da fasahar hotuna ta Nvidia. AMD an ba ta izinin gina ɗaki a cikin gidan. Nvidia rumfa aka ba ta a ƙofar gida.

Bambancin bai fito fili ba sai da maigida ya tashi sauya fasalin gini. A 2003 AMD ta riga kowa faɗaɗa x86 zuwa tsarin bit 64, kasuwa ta karɓa, har Intel ta ajiye girman kai ta bi sahu a 2004. Tun daga ranar kowanne yake riƙe da wuyan rigar ɗan'uwansa: in Intel ta janye izininta, AMD ta durƙushe, in AMD ta janye nata, Intel ma ta rasa yadda za ta sayar da kayanta. Shi ya sa rikicinsu na 2009, wanda ya haɗa da zargin cewa Intel na ba masu haɗa kwamfuta rangwame don su guji AMD, ya ƙare da Intel ta biya dala biliyan 1.25, aka sabunta takardu, kowa ya koma ɗakinsa.

Nvidia ba ta da irin wannan riƙo. A 2008 Intel ta fitar da furosesoshin Nehalem, ta ɗauke aikin kula da ma'ajiyar wucin gadi daga cifset ta cusa shi cikin furosesa, ta kuma sauya hanyar da sassan ke magana da juna. A Fabrairun 2009 ta je kotu a jihar Delaware ta ce takardar 2004 tsohuwar hanya kawai ta shafa. Nvidia ta mayar da ƙara, ta ce an yi mata wayo ne don cifset ɗinta ya fi na Intel iya sarrafa hoto, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancen, domin Apple ta zaɓi na Nvidia a kwamfutocinta na MacBook a 2008. Ɗaya ƙofar ma, wato ƙera cifset don furosesoshin AMD, ta fara rufewa, tunda AMD ta sayi ATI, kishiyar Nvidia, kan kusan dala biliyan 5.4 a 2006, ta koma yin cifset ɗinta da kanta. A Janairun 2011 aka sasanta: Intel za ta biya dala biliyan 1.5, amma babu izinin x86, babu komawa sana'ar cifset. Kuɗin sun fi na AMD yawa, sai dai kuɗin sallama ne.

Kada tausayi ya yi yawa. Ita ma Nvidia ta daɗe tana kulle fasaharta ta SLI, mai haɗa katin hotuna biyu su yi aiki tare, ta hana ta aiki a yawancin madabod da ba na nForce ba. Da ta saki, kuɗin lasisi ta riƙa karɓa daga masu ƙera madabod.

To wa ya fi cin riba? AMD ta tsira da gadonta, amma gado ne mai igiya a ƙafa: yarjejeniyar tana mutuwa ranar da wani ya saye kamfanin, don haka ko a 2015, lokacin da hannun jarinta ya faɗi ƙasa da dala biyu, ba mai iya sayenta ya gaji takardar. Sai da ta yi ta fama har furosesarta Ryzen ta fito a 2017 ƙarƙashin shugabarta Lisa Su. Nvidia kuwa, da aka tashe ta daga rumfa, ta tattara ƙarfinta kan katin hotuna da manhajar CUDA, waɗanda daga baya suka zama abin da ƙirƙirarriyar basira ke gudu a kai. A 2023 darajarta ta haura dala tiriliyan ɗaya.

A lissafin kamfani, ina ganin Nvidia ce ta ci, ko da yake ba dabararta ba ce ta sa aka kore ta. A lissafin mai saye kuwa, takardar AMD ta fi amfani nesa ba kusa ba, don ita ce ta sa har yau mutum ke iya tsayawa a shago ya taya furosesa biyu masu tafiyar da manhaja iri ɗaya. Zaɓin cifset kuwa ya tafi tare da nForce. Wanda ya ƙera furosesa shi ke faɗin cifset ɗin da za ta zauna da shi.

A Satumban 2025 Nvidia ta sanar da zuba dala biliyan 5 a hannun jarin Intel, tare da shirin haɗa fasahar hotunanta da furosesoshin x86 a ƙwaya ɗaya. Intel ce za ta ƙera ɓangaren x86 ɗin. Takardar da aka hana shugaban Nvidia, Jensen Huang, a 2011 har yanzu ba ta hannunsa.