Sauya hannuwan ƙafar bayan mota a gida: Abin da na koya a ranin Libreville

Duk mai mota a Libreville ya san abin da watan Yuni yake zuwa da shi. Ruwa ya ɗauke, rani ya kama, sai motoci su fara bayyana abin da damina ta yi musu. Birnin nan yana samun ruwan sama fiye da milimita 2,800 a shekara, kusan ninki uku na abin da Kano take samu, ga kuma iskar teku mai gishiri. Ruwan yana fasa kwalta ya bar ramuka a ƙananan titunan Nzeng-Ayong da Akébé da Kinguélé, danshin kuma yana cin ƙarfen da ke ƙarƙashin mota. Ga shi motocinmu yawanci ba yara ba ne. Tun da gwamnati ta hana shigo da motar da ta haura shekara uku a 2013, ko da yake an sassauta daga baya, mutane da yawa suka riƙe tsoffin motocinsu suna lallaɓawa.

Cikin abubuwan da suke fara gajiya har da hannuwan ƙafar baya, waɗanda 'yan garaji suke kira bras de suspension. A ranin da ya wuce na sauya na motata a tsakar gidanmu, ni da ƙanena, cikin Asabar da Lahadi. Aikin yana yiwuwa kam, amma akwai wuraren da ba a yi musu gaggawa.

Mene ne hannun, kuma wace mota ke da shi?

Hannun wani ƙarfe ne da ke haɗa ƙafar mota da jikinta. Kowane bakinsa yana da roba mai bututun ƙarfe a tsakiya, wadda ake kira silentbloc. Shi ke riƙe taya a miƙe yayin da take hawa da sauka. Ƙarfen kansa ba ya cika lalacewa, sai an doki rami da ƙarfi ya lanƙwashe. Robar ce take tsagewa.

Ba kowace mota ke da shi ba fa. Tsoffin Corolla da Carina na shekarun 1990, irin waɗanda suka daɗe suna tasi a garin nan, suna da hannuwa biyu a kowane gefe. Camry da RAV4 ma suna da nasu. Amma yawancin Corolla da aka ƙera bayan 2000 ƙarfe guda ne ya haɗa ƙafafun baya, Hilux kuma sifirin ganye take da shi. Saboda haka a leƙa a gani kafin a je sayen abin da babu shi.

Tawa ta fara ne da wani “ƙwal” a baya duk lokacin da na hau tudun rage gudu. Daga nan bayan motar ya fara karkaɗa a kwana, kamar yana son bin hanyarsa daban, gefen ciki na tayar hagu kuma ya suɗe alhali na waje yana nan da zanensa. Da muka ɗaga ta, na sa ƙarfe na ɗan banƙara hannun, sai ga robar ta buɗe baki. Idan kuwa kuka kake ji mai ƙaruwa da gudu, wannan boris ne, ba hannu ba.

Kafin a taɓa ko noti ɗaya

Ka tafi shagon kayan mota da carte grise ɗinka, domin lambar shasi ita ke raba hannun da ya dace da wanda ya yi kama da shi kawai. A sayi na gefe biyu tare, tunda shekarunsu ɗaya kuma ramukan da suka sha ɗaya. Na hannu da aka ciro daga wata motar yana da sauƙin kuɗi, amma robarsa ta riga ta tsufa. Araha ba ta ado. A haɗa da sabbin notuna da ƙusoshinsu, domin a nan garin tsatsa takan manne ƙusa da bututun cikin robar har sai an yanke ta. Ranar Lahadi kuwa ba ka da inda za ka samo wata. Ni tun daren Alhamis nake fesa musu man sassauta tsatsa, safe da yamma.

Sai maganar wuri, wadda ita ce ta rai. Gidajenmu da yawa a kan gangare suke, ƙasar kuma jar ƙasa ce mai lotsawa. Ana bukatar siminti mai shimfiɗe. A sa waigi a tayoyin gaba, a sassauta notunan taya tun motar tana ƙasa, sannan a ɗaga ta a ɗora a kan ƙafafun ƙarfe guda biyu, waɗanda ake kira chandelles. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Bulon siminti kuma ba ya gargaɗi, farfashewa yake yi lokaci guda. Tayar da aka cire a tura ta ƙarƙashin motar. Wanda ba shi da waɗannan ƙafafun, wallahi ya kai garaji kawai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Aikin kansa

A yi gefe ɗaya a gama, ɗayan ya zama madubi. A ɗauki hoto da waya kafin a kwance komai. A motoci da yawa ƙusar da ke cikin hannun tana da wani faifai mai zane-zane wanda da shi ake saita tsayuwar taya. Wasu kuma hannun ne yake da zare a tsakiya da notuna biyu. A yi wa faifan alama da fenti, ko a auna tsawon tsohon hannun a saita sabon daidai da shi.

A duba ko sifirin a kan hannun yake zaune. In haka ne, a tokare hannun da jak kafin a zare ƙusa, sannan a sauke shi a hankali, domin sifirin da ke matse yana iya karya hannun mutum. A kuma kwance wayar birkin hannu da ta ABS in suna maƙale da shi. Ƙusa ɗaya ce ta cinye mana rabin yini. A ƙarshe zarton ƙarfe ne ya raba mu da ita.

Idan sabon ya shiga, a ɗaura notunan da hannu kawai, kada a matse. Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Robar ba juyawa take yi a kan ƙusa ba, murɗewa take. In aka matse ta ƙafa tana rataye, da zarar an sauke motar robar ta riga ta murɗe, a haka za ta zauna dare da rana har ta yage kafin lokacinta. Sai nauyin mota ya zauna a kan ƙafafunta sannan a yi matsin ƙarshe, da sufana mai awo, daidai adadin da littafin motar ya faɗa. Mun aro sufanar ne daga wani dattijon bakanike a unguwarmu.

Kada a raina noti. A watan Agustan 2012 kamfanin Toyota ya kira motocin RAV4 kusan 760,000, ƙirar 2006 zuwa 2011, su dawo gyara a Amurka. Dalili shi ne idan ba a matse notunan saitin hannun baya yadda ya kamata ba bayan awon ƙafa, wurin yakan yi wasa, tsatsa ta shiga, zaren ya cinye, hannun ya iya rabuwa mota tana tafiya. An sake kiran motocin a 2013 da 2016. Mai irin wannan motar a garin da ya fi ƙarfin danshi kamar namu ya leƙa nasa.

Abin da ba a yi a gida

Alamar fenti tana kai ka wurin masu awon ƙafa ne kawai, wato parallélisme. Ido ba ya ganin karkatar milimita biyu, amma taya tana ji. Ranar Litinin da sassafe na kai tawa, na ce a auna ƙafafu huɗu, na kuma tsaya har aka matse notunan saitin a gabana. Kuɗin awon bai kai na taya ɗaya ba. Bayan mako guda na sake bin notunan da sufana.

Da yawanmu muna da dangi a Oyem da Bitam da Minvoul. Daga nan zuwa Oyem ya fi kilomita 500, ta Kango da Bifoun da Ndjolé da Mitzic, ga kwanoni, ga manyan motocin katako, ga mota cike da iyali da kaya. Ba a nan ake son gano cewa bayan mota yana rawa ba. Wanda zai yi aikin ya yi shi tsakanin Yuni da Satumba, ƙasa tana bushe, kuma ya bar akalla mako biyu tsakanin gyaran da ranar tafiya.