Kunkurun Gida da Cututtukan da Ke Kama Shi

A wasu gidaje na ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura da ke kan iyakar Nijar, akan tarar da kunkuru yana jan jiki a tsakar gida, yara na miƙa masa ganye, manya kuwa na yaba haƙurinsa da tsawon ransa. Babban kunkurun Sahel, wanda mazauninsa ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, shi ne na uku a girma a duniya, yakan kuma haura shekara 70, sai dai a dawa rami mai zurfi yake haƙawa ya fake wa zafin bazara da sanyin hunturu, abin da daɓen siminti ke hana shi.

Hausawa sun ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, kuma haka lamarinsa yake idan ciwo ya kama shi, domin ba ya kuka, ba ya ma iya tari, sai dai a ga kumfa a hancinsa, idanunsa sun kumbura, yana buɗe baki don neman iska. Wannan ciwon numfashi, wanda sanyi da danshi ke share wa hanya, yakan gangara huhu ya kashe shi. Kwana a laimar damina kan ruɓar da ƙoƙonsa, wato ɓawon da ke lulluɓe da shi, wanda ƙashi ne mai rai da ya haɗe da haƙarƙari da gadon baya, don haka huda shi a ɗaura igiya azaba ce. Ƙarancin rana da na kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, kan tausasa ƙoƙon, ƙishirwa kuma kan tara tsakuwa a mafitsararsa, ga kaska da ke maƙale masa a gindin ƙafa.

Abincinsa ciyawa ce da harawa da ganyaye, sauran tuwo da nama kuwa cutar da shi suke yi. Kashinsa kan ɗauki ƙwayar Salmonela mai jawo wa yara gudawa da zazzaɓi, shi ya sa wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi ya zama dole.

An ce kunkuru ya san makamar matarsa, ya kamata mai kiwonsa ma ya san makamarsa: ya ba shi ƙasar haƙa da rana da inuwa da ruwa, ya kuma garzaya da shi wurin likitan dabbobi da zarar ya ƙi cin abinci, domin haƙƙin dabbar da aka tsare yana wuyan wanda ya tsare ta.