Yadda Fim Ɗin Yaƙi Yake Ƙera Gwarzo

Duk wanda ya zauna a gidan kallo a Tambuwal ko Kebbe tun zamanin kaset da janareta ya san irin shirun da ake yi idan an zo wurin rataye Umar Mukhtar. Fim ɗin, Lion of the Desert, Moustapha Akkad ɗan Siriya ne ya shirya shi, ya fito a 1981, Anthony Quinn kuma ya fito a matsayin dattijon. Mutumin na gaskiya ne: malamin allo ne a Libiya, ya yi kusan shekara ashirin yana yaƙar Italiya, aka kama shi, aka rataye shi a Suluƙ ran 16 ga Satumba 1931. Sai dai Umar Mukhtar ɗin da ke cikin kawunanmu, da farin gemu da tabarau, na Akkad ne, kuma ya kamata mu san yadda aka ƙera shi.

Abin da mai fim yake fara yi shi ne yanke lokaci. Shekara ashirin ba ta shiga cikin awa uku, don haka labarin ya fara daga 1929, inda aka nuna Musolini ya tura Janar Graziani. Da an yi haka, yaƙin kabilu da zawiyoyi masu yawa ya koma karon mutum biyu, tsoho mai carbi da janar mai tankoki. Daga nan sai hannun mai kuɗi ya shigo. Gwamnatin Gaddafi ce ta biya kuɗin fim ɗin, Gaddafi kuwa shi ya hamɓarar da Sarki Idris, jagoran Sanusiyya, a 1969. Umar Mukhtar ɗan ɗariƙar Sanusiyya ne, a cikinta ya yi karatu, da sunanta ya yi yaƙi, amma a fim ɗin da ƙyar za ka ji ƙamshinta. Ba ƙarya aka yi masa ba, an dai zare shi daga cikin jama'arsa aka tsayar da shi shi kaɗai. Italiya ma ta gane ƙarfin abin, ta hana nuna shi a 1982.

Indiyawa, waɗanda mu Hausawa muka fi sabawa da finafinansu, sun fi kowa iya wasa da mutuwa. Border na J. P. Dutta, 1997, labarin daren Longewala ne a Disambar 1971, inda Manjo Kuldip Singh Chandpuri da sojoji kimanin 120 suka tsare sansaninsu har gari ya waye jiragen sama suka zo suka ragargaza tankokin Pakistan. A fim ɗin jarumai suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da waƙar matarsa ko mahaifiyarsa. A zahiri sojan Indiya biyu ne suka mutu. Mai fim ya san cewa hawaye ke sa ɗan kallo ya ji ƙasar tasa ce.

Na kusa da mu shi ne Sarraounia na Med Hondo, 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani ɗan Nijar. Sarauniya Mangu ta Lugu, a Arewa wajen Dogondutsi, ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a Afrilun 1899, rundunar da ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni bayan 'yan makonni. Takardun Faransawa layi kaɗan suka ba ta: an yi faɗa, an ƙone garin, ita da mutanenta sun shige daji. Marubucin da mai fim su suka cika sauran, suka ba ta yarinta da horo da jawabai, har ya zamana kamar ita ce sanadin rushewar rundunar, alhali Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb na Faransa ne a Yuli, sojojinsu kuma suka kashe shi da Chanoine bayan kwanaki. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, Aï Keïta ta can ce ta fito a Sarauniya, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1987. Ni ban ga laifin cika giɓin ba, domin wanda ya ƙone garin shi ya rubuta rahoton. Abin da nake so kawai mu riƙa sanin inda rahoto ya ƙare, hasashe ya fara.

Duk waɗannan finafinai abu guda suka dogara da shi: abokin gaba baƙo ne, ya zo daga wata ƙasa, jikokinsa ba sa zaune a bencin gidan kallo. Shi ya sa labarin Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi daidai da ma'aunin fim. Turawan Ingila sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, ya yi hijira gabas da ɗimbin jama'a, ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli. Akwai baƙo, akwai tafiya, akwai mutuwa a fagen fama. Ahmed Yerima ya riga ya mai da shi wasan daɓe.

Gwarzon Tambuwal kuwa daban ne. Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu shi ya riƙe garin a matsayin ribaɗi, wato garin bakin iyaka da ake zaunar da mayaƙa da iyalansu don tsaro. Aikin ribaɗi gina ganuwa ne, da gyara ta bayan damina, da noma da kwari a kafaɗa, da karantar da yara, da jiran harin da watakila ba zai zo bana ba. Buhari kansa malami ne mawaƙi. Na'urar ɗaukar hoto ba ta da haƙurin irin wannan jarumta. Za ta nemi rana ɗaya ta dawakai da ƙura, ta bar shekarun da suka riƙe ƙasar. Na fi jin tsoron wannan a kan kuskuren kwanan wata.

Sannan wa za a sa a matsayin mugu? Waɗanda ake tsaron iyakar dominsu Kabawa ne, maƙwabta, masu nasu gwarazan: Kanta na Surame da ya ƙi bin Askiya na Songhai a ƙarni na 16, wanda Adamu Halilu ya yi aikin fim a kansa a ƙarshen shekarun 1970, da Yakubu Nabame da ya tayar da Argungu a 1849. Gabar ba ta huce sosai ba sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa su, wanda daga nan bikin kamun kifi ya samo asali. Yau an yi auratayya, ana cin kasuwa ɗaya, motar da ta tashi daga Tambuwal zuwa Jega tana ɗauke da jikokin ɓangarorin biyu. Mai shirya fim a Kano da ya ɗauko labarin Buhari da ma'aunin Akkad ko Dutta dole ya baƙanta rabin fasinjojin nan, sai fa in ya yarda ya ba Nabame fuska da hujja da mahaifiya mai kuka kamar yadda zai ba mutanen ribaɗi, ya kuma samu mai kuɗin da zai amince da haka.