Bindigar Maharbi Mai Harbi Ɗaya: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Ajilari unguwa ce a gefen Maiduguri, ta wajen Gomari da filin jirgin sama, kuma mutanenta sun san ƙarar makami fiye da yadda suke so. Ranar 1 ga Maris 2014 bama-bamai biyu suka tashi a unguwar, rayuka fiye da 50 suka salwanta. Ranar 23 ga Disamba 2021 kuma rokoki suka sauka a yankin. A tsawon waɗannan shekaru ido ya saba da ganin 'yan kato da gora da mafarauta a bakin shinge, wasu da gora, wasu da bindiga rataye a kafaɗa. Mafi yawan bindigogin mafarautan nan harbi ɗaya suke yi, sai an sake ɗuri.

A Turai da Amurka ma akwai maharban da suka zaɓi bindiga mai harbi ɗaya da gangan, suna biyan kuɗi masu kauri a ƙera musu ita, har da bututu biyu ko uku da za su riƙa sauyawa. Mai karatu zai iya tambaya: tunda tamu ma harbi ɗaya ce, me zai hana maƙeri ya yi mana irin wannan? Amsar tana cikin bututun, ta fuskar ƙarfe da ta fuskar doka.

Iri uku da ake haɗa su a suna ɗaya

Ta farko ita ce bindigar toka, wadda ake kira adaka ko harba-ka-ruga. Ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a bi shi da tsumma, a sa dalma, a danna da sanda. A da ƙanƙara ke ba ta wuta, daga baya aka koma 'yar hular tagulla da kunama ke bugawa. Cikin bututunta sumul yake, harbinta ba ya nisa, sake ɗurinta kuma yana cin lokaci. Ita ce 'yan bindigar sarki ke bugawa a hawan salla.

Ta biyu ita ce mai karyewa a tsakiya, wadda ake sa wa harsashi mai kwanson roba ta baya. Akwai mai baki ɗaya, akwai mai baki biyu. Wadda ta fi yawa ita ce lamba 12, faɗin bututunta kusan milimita 18 da rabi. Ita ma cikinta sumul ne, kuma 'ya'yan dalma take watsawa, shi ya sa ta dace da zabo da fakara da zomo a tazarar mita 30 zuwa 40.

Ta uku ita ce raifil. An tsaga cikin bututunta da layuka murɗaɗɗu, harsashi guda ɗaya ne, yana fita yana juyi, juyin ne ke sa shi tafiya a miƙe. Maharbi ƙwararre zai sami barewa da ita daga mita 200 ko fiye. Bindigar da ake sauya wa bututu daga wannan gida ta fito.

Yadda mai sauya bututu take

Manomi zai gane ta da sauri. Ƙota ɗaya ce, amma yau a sa mata ruwan fartanya, gobe ruwan gatari. Gindin bindigar da kunamarta da makullinta suna nan yadda suke. Bututun kawai ake cirewa, a ɗora wani gwargwadon dabbar da za a nema.

A Amurka kamfanin Thompson/Center ne ya yi suna da wannan tsari. A 1967 ya fito da Contender, wadda Warren Center ya tsara, da farko a matsayin ƙaramar bindiga ta hannu. Daga baya ya fito da Encore mai ƙarfi fiye da ita, wadda gindi ɗaya ke karɓar bututun raifil, da na lamba 12, har da na ɗuri ta baki. A cire katakon gaba, a zare ƙusa ɗaya da ke riƙe da mahaɗi, shi ke nan. A Jamus da Ostiriya kuwa, maharban duwatsu sun daɗe da irin tasu. Kamfanoni kamar Blaser da Merkel na ƙera ta ba nauyi, a kwance ta a sa a jaka a hau dutse. Mai hali yakan sa a auna tsawon hannunsa a sassaƙa masa gindi da icen goro na Turai, a yi wa ƙarfen zane. Kuɗinta kan kai dubban Yuro.

Masu son ta suna da hujja. Ba ta da rumbun harsashi, don haka ta fi gajarta, ta fi sauƙin ɗauka, kayan cikinta kaɗan ne, lalacewarta ma kaɗan. In an karya ta kowa na ganin babu komai a ciki. Sannan wanda ya san harbi ɗaya gare shi ba ya gaggawa. Zai lallaɓa, ya duba iska, ya jira dabba ta ba shi gefe. Wannan darasi dai tsofaffin maharbanmu ba sa bukatar a koya musu shi.

Yadda bindigar toka ta zama tamu

Borno ba baƙuwar bindiga ba ce. A ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alooma yana da rundunar 'yan bindiga da Turkawa suka horar, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta. Rabeh ma da ƙarfin bindiga ya ci Borno a 1893, ya zauna a Dikwa, har Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900.

Sai dai a 1890 ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya a Brussels, suka taƙaita shigo da raifil na zamani cikin mafi yawan Afirka, suka bar ƙofa ga bindiga mai ƙanƙara da albarushi baƙi. Gwamnatin mulkin mallaka ta bi wannan layi. Ita ta riƙe mai nisa, talaka aka bar masa mai hayaƙi. Maƙera suka koyi gyaranta, daga gyara suka kai ga ƙira, wasu garuruwa kamar Awka a jihar Anambra har suka yi suna a kai.

Inda ƙira ta gida ke tsayawa

Lokacin da aka ja kunama, abin da ke tura harsashi iska ce mai zafi da ta matsu cikin bututu. Albarushi baƙi yana ba da matsi mai sauƙi, shi ya sa bututun da aka yi a maƙera ke iya jure shi shekaru. Amma tun 1884, da Bafaranshe Paul Vieille ya samar da hoda marar hayaƙi, lissafi ya sauya. Ita ce a cikin harsashin zamani, kuma ƙarfinta ya ninka na albarushi. Ko tsakanin bindigogin zamani akwai rata babba: matsin da ke cikin raifil ɗin farauta ya kai kusan ninki biyar na lamba 12.

Saboda haka bututun raifil ba bututu ba ne kawai. Ƙarfe ne na musamman da aka huda daga dunƙule, ba wanda aka naɗe aka yi wa walda ba. Wurin zaman harsashi sai ya dace daidai, kuskuren da bai kai kaurin gashi ba yana iya fasa kwanso. Makullin da ke riƙe bututu da gindi shi ma sai ya iya ɗaukar dukan. A ƙasashen Turai da dama ba a sayar da bututu sai ya bi ta gidan gwaji, inda ake harba shi da harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. In ya tsira a buga masa hatimi. Gidan gwajin Landan ya faro daga 1637, na Birmingham daga 1813, a 1914 kuma aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa da ke daidaita wannan aiki. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinta.

Bindigar maƙera ba ta bi ta irin wannan gida. Wannan ba raina maƙeri ba ne, hannunsa ya ƙware. Abin da ba shi da shi shi ne ma'auni da wurin gwaji, kuma sau da yawa bututun ruwa ko wani ƙarfen mota ne abin da ya samu. Gwajin farko a hannun mai saye ake yin sa.

Abubuwan da suka fi fasa bindiga sanannu ne. A farke harsashin zamani a juye hodarsa cikin bindigar toka. A manta an yi ɗuri a ƙara wani a kai. Bakin bindiga ya toshe da laka ko zanzaro ya yi gini a ciki. Tsatsa ta ci bututu, domin tokar albarushi tana jan danshi in ba a wanke ba. Mafi muni, a ɗauki bindigar da aka ƙera don albarushi a gyara ta ta karɓi harsashin soja. Akwai kuma jinkirin tashi, musamman da damina: an ja kunama ba ta amsa ba, mutum ya juyo da ita yana leƙe, sai ta tashi. Idan ta ƙi, a bar bakinta inda ba kowa, a dakata.

Abin da doka ta ce

Dokar Makamai ta 1959 ita ce ginshiƙi har yau, kuma ta raba bindigogi gida uku. Gida na farko haramtattu: bindiga mai sarrafa kanta, raifil na soja irin masu milimita 7.62, da duk ƙaramar bindiga ta hannu. Waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. Gida na biyu na amfanin kai: mai kwanson roba wadda ba ta ɗura kanta, raifil na farauta, da bindigar iska. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Gida na uku masu ɗuri ta baki, wato bindigar toka da danginta, su kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisi. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce.

A nan maganar bututu ta sake tasowa. A Amurka gindin mai lamba shi doka ke ɗauka a matsayin bindiga, bututu kuwa kaya ne da ake saye kamar kowane kaya. A Nijeriya ba haka ba ne, dokar ta ce kowane sashe na bindiga shi ma bindiga ne. Kuma tunda rabon gidajen ya dogara ga yadda ake ɗuri da girman harsashi, wanda ya sauya bututu yana iya ƙetare gida bai sani ba. Mai lasisin bindigar toka da ya mai da ita mai cin kwanso, takardarsa ba ta rufe shi. In harsashin soja take ci, ya faɗa gida na farko. Haka nan doka ta hana rage bututu sumul ya gaza inci 20. Ƙira da gyara su ma sai da izini. Dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun, ga mai riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba. A watan Agusta 2023 muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi, don haka mai nema ya fara tambayar hedikwatar 'yan sandan jiharsa inda aka kwana.

Tafiya da ita, da abin da za ta iya

A ƙarshen Maris 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta ne da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano hutun salla. Bindigogin farauta da aka gani a motarsu aka fake da su. Babu abin da ya halatta wannan kisa, ko da takarda ko babu. Amma ya nuna cewa abin da Ajilari ta saba gani kullum, wani gari abin firgita ne. Mai tafiya da bindiga ya riƙe lasisinsa da katin ƙungiyarsa a jiki, ya sauke ɗuri, ya naɗe ta, shugabanninsa kuma su sanar da 'yan sanda tun kafin a tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma a ɗora wa bindigar nauyin da ba nata ba. A watan Mayu 2014, bayan sace 'yan matan Chibok, ɗaruruwan mafarauta sun taru a Maiduguri suna neman a bar su su shiga Sambisa. A watan Nuwamba na shekarar mafarauta sun taimaka wajen ƙwato Mubi, Aisha Bakari Gombi ma ta yi suna a wannan fage. Abin da soja ke nema wurinsu sanin daji ne: bin sawu, sanin mashaya, gane inda aka kwana jiya. Harbi ɗaya ba ya ja da AK-47 mai harsashi 30 a rumbu. A fagen farauta ma akwai iyaka. Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, da ya haɗa da Chingurmi-Duguma a Borno, ba a farauta a cikinsa, dokar 1985 kuma ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa.

Maharbin Borno ba bututu uku yake bukata ba. Bukatarsa bututu ɗaya da aka tabbatar ba zai fashe masa a fuska ba, da takarda da ta dace da abin da ke kafaɗarsa. Doka ta riga ta buɗe hanyar ba maƙeri izinin ƙera bindigar toka. Abin da ya rage shi ne a yi wa maƙera rajista, a buga wa kowace bindiga lamba, a samar da wurin gwaji. Nijeriya tana da masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, tana da Cibiyar Taƙaita Ƙananan Makamai ta Ƙasa tun 2021. Sarakunan baka da ƙungiyoyin mafarauta su ne suka fi cancanta su kai musu wannan buƙata, domin su suka san yawan yatsun da aka rasa a daji.